Coci ne ya ɗauki nauyinmu, ina tsoron abin da za a ce mu biya da shi

Anti, barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku. Yaƙi ya raba mu da gida, muka yi shekara 6 a sansanin 'yan gudun hijira, sannan Allah ya buɗa mana hanya zuwa Kanada. Wani coci ne ya ɗauki nauyinmu, mu kuwa Musulmi ne. Watanmu 8 ke nan da sauka. Tsakani da Allah mutanen nan sun yi mana abin da ko dangi sai haka. Su suka tarbe mu a filin jirgi, suka kama mana gida, suke biyan haya, suka sa yara a makaranta. Akwai wata dattijuwa a cikinsu da take zuwa duk Talata da Alhamis ta kai ni ajin koyon Turanci, ta zauna a mota har in fito. Sau uku ke nan tana gayyata ta sujadar Lahadi, ni kuma sai in gyaɗa kai in ce to, ranar ta zo in ƙi zuwa. Makon jiya babbar 'yata mai shekara 9 ta dawo daga wani taron yara da ake yi a cocin tana rera waƙarsu. Maigida ya ce in daina shiga motar matar, mu yanke hulɗa da su gaba ɗaya, wai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni kuma ina jin kunyarsu, ina kuma tsoron kada su janye taimakon ko su sa a mayar da mu. Barci ya ƙaurace mini. Ina mafita?

Daga uwar yara uku

Ƙanwata, sannu da hanya, sannu da haƙuri. Wanda ya yi shekara 6 yana bin layi kafin a ba shi abin da zai rayu da shi, ko an buɗe masa ƙofa an shimfiɗa masa darduma sai ya riƙa waiwaye yana neman inda tarkon yake. Ban ga laifinki ba, ban kuma ga na maigidanki ba. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi hana ki barci.

Babu wani a cocin nan da yake da ikon sa a mayar da ku. Ɗan gudun hijirar da aka kawo Kanada ta wannan hanya, tun ranar da ya sauka yake da izinin zama na dindindin, kuma gwamnati ce ta ba shi, fasto da kwamitin coci ba su da ta cewa a kai. Abin da suka sa wa hannu alkawari ne tsakaninsu da ma'aikatar shige da fice cewa za su riƙe ku wata 12: haya, kayan masarufi, sutura, makarantar yara, likita, asusun banki, neman aiki. Zuwa sujada ba ya cikin takardar. Ko da a ce an ɓata har zama ya gagara, ma'aikatar ce take shigowa ta yi sulhu, in ya ƙi a nemi wasu masu ɗaukar nauyin ko a haɗa ku da tallafin gwamnati. Kundin 'yancin ƙasar na 1982 ya ba kowa 'yancin addini, ɗan ƙasa da baƙo. Abin da kan iya taɓa takardunku da gaske wani abu ne daban: sabunta fasfon ƙasar da kuka gudo daga cikinta, ko komawa can ziyara. Wannan kada ku kuskura ku yi shi sai da shawarar lauya.

Batun ladan kuturu kuwa, ki sanar da baban yara cewa ƙa'idar shirin ta hana masu ɗaukar nauyi karɓar ko sisi daga hannunku a matsayin biyan abin da suka kashe. Bashin da ke wuyanku na haƙiƙa shi ne na kuɗin jirgi, in kun sa hannu a takardarsa kafin ku taso, kamar yadda akasari ake yi. Na gwamnati ne, tun 2018 aka cire masa ruwa, kuma ana fara biya bayan shekara guda da sauka. Ke nan nan da wata 4 zai ƙwanƙwasa muku ƙofa. In biyan wata-wata ya yi muku nauyi, ana iya kiransu a nemi sassauci.

To me ya sa suke yi? Na san ita ce tambayar da ke cin maigidanki, don a ganinsa ruwa ba ya tsami banza. Ya yi gaskiya, akwai dalili, sai dai dalilin ya girmi zuwanku nesa ba kusa ba. A Littafi Mai Tsarki, cikin Littafin Firistoci sura 19, an umarci Bani Isra'ila su riƙe baƙon da ke zaune a cikinsu kamar ɗan gida, su ƙaunace shi kamar kansu, aka tuna musu cewa su ma sun yi zaman baƙunci a Masar. A Linjilar Matiyu sura 25, Yesu Almasihu ya lissafa ayyukan da za a duba ranar shari'a, saukar da baƙo na cikinsu, ya ce wanda ya yi wa mafi ƙanƙanta, shi ya yi wa. A sura ta 2 ta wannan Linjilar kuma, shi kansa yana jariri aka gudu da shi Masar cikin dare saboda sarki Hirudus. Kin ga ke nan dattijuwar da ke jiranki a mota, a nata lissafin ibada take yi, kuma ba ke ce mai biyanta ba.

Shirin da ya kawo ku ma, coci ne ya fara shiga cikinsa da ƙafar dama. A watan Maris na 1979, lokacin da mutanen Biyetnam ke tserewa ta teku a ƙananan kwale-kwale, ƙungiyar agaji ta ɗarikar Mennonite ce ta fara ƙulla babbar yarjejeniya da gwamnatin Kanada, sauran ɗariku suka bi sahu. Tsakanin 1979 da 1980 ƙasar ta karɓi kimanin mutum 60,000 daga Biyetnam da Kambodiya da Laos, fiye da rabinsu ta hannun coci-coci da ƙungiyoyin jama'a, kuma da yawa a cikinsu mabiya addinin Buddha ne. Kusa-kusan nan, a Afrilun 2016, Fafaroma Francis ya dawo daga tsibirin Lesbos na Girka da 'yan Siriya 12 a jirginsa, dukansu Musulmi, ƙungiyar Sant'Egidio ta 'yan Katolika ta riƙe su a Roma. Ba ku ne farkon waɗanda ba Kirista ba da coci ya saukar ba.

Ke ma a naki tarihin hanyar ba baƙuwa ba ce. Hijirar farko a Musulunci, wajen shekara ta 615, Habasha aka yi ta, wurin Najjashi, sarki Kirista. Ƙuraishawa suka biyo sawu da kyaututtuka suna neman a ba su mutanensu. Sarkin ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya ji karatu daga Suratu Maryam, ya ce ba zai miƙa su ba. Ja'afar ya haura shekara 10 a ƙasar, ya koma da addininsa. Wurin da nake so ki tsaya ki duba shi ne wannan: da aka tambaye shi abin da suka yi imani da shi game da Annabi Isa, a fadar sarkin da rayuwarsu ke hannunsa, bai gyaɗa kai ya ce to ba. Ya faɗi gaskiyarsa cikin ladabi, aka ƙara girmama shi.

Wannan "to" ɗin taki ita ce tushen rashin barcinki, ko da wane yare kike faɗinta. Na taɓa yin tafinta tsakanin wani iyali da kwamitin da ya ɗauki nauyinsu. Ɗaki ne a ƙarƙashin ginin coci, da dogon teburi mai naɗewa, mutum biyar kowa da biro da takarda, magidancin yana can ƙarshe ya harɗe hannu yana kallon takalminsa. Duk abin da aka karanto sai ya ce to. Ni da nake jin harshen na ji kala uku a ciki: akwai ta "na ji", akwai ta "bari in yi nazari", akwai ta "ku dai gama in tashi". Mai rubuta bayanin taro kuwa duk a layi ɗaya take zuba su, ya amince, ya amince. Sai da na tsayar da zaman na bi su da shi ɗaya bayan ɗaya, aka tarar biyu kawai ya yarda da su cikin bakwai. Shugabar kwamitin ta ajiye biro ta dafe goshi. Wata da watanni suna yi wa bawan Allah abin da ba ya so, suna zaton faranta masa suke yi.

Haka abin yake tsakaninki da wannan baiwar Allah. Ta ji kin amsa, ba ta gan ki ba, sai ta ɗauka ko yara ne suka riƙe ki, ko kunyar shiga taro kike ji, ko ba ki gane lokacin ba, don haka ta sake gayyata. Ke kina ganin kin ƙi har sau uku cikin kara, ita ba ta ji ƙi ko sau ɗaya ba.

Ba zan rufe ki ba, Kirista da yawa suna ɗaukar yaɗa bishara wajibi, kamar yadda Musulmi ke ɗaukar da'awa. Mai yiwuwa a ranta tana fatan wata rana ki shiga addininta, kamar yadda ke ma in kin zauna kina tuna alherinta za ki so a ce ta shiga naki. Fata ba ta cutar da kowa. Inda ake shiga haƙƙin mutum shi ne a ɗaure taimako da sharaɗi, kuma wannan manyansu da kansu sun hana. Ƙa'idar aikin agaji ta 1994, wadda Red Cross ta tsara tare da ƙungiyoyi irin su Caritas ta cocin Katolika da Majalisar Coci-coci ta Duniya, ta ce ba za a yi amfani da agaji don tallata wani addini ko ra'ayin siyasa ba. Fafaroma Benedict na 16 ma, a wasiƙarsa ta 2005 kan ƙauna, ya ce kada a mai da aikin jinƙai hanyar farautar mabiya. Ana samun masu ƙetare wannan iyaka, ban ce babu ba. Amma ba za ki san ko taki tana cikinsu ba sai kin buɗe baki.

Ranar Talata, bayan an tashi daga aji ta kawo ki ƙofar gida, kafin ki buɗe murfin mota, ki juyo ki dube ta ki ce: "Mama, abin da kuka yi mana ba za mu manta da shi ba. Ni Musulma ce, a haka zan zauna, don haka ba zan zo sujada ba. Ba ƙin ku nake yi ba, ina son zumuncinmu ya ɗore." Iyakarta ke nan, kada ki ƙara da ba da haƙuri sau goma. In Turancin bai kai ba, ki sa malamar ajinku ta taya ki jera maganar ki haddace, ko ki nemi tafinta daga ofishin taimakon sababbin zuwa na garinku, aikinsu kyauta ne. Kada dai ki sa 'yarki ta fassara, kayan ya fi ƙarfin kanta. In kina so ki ƙara aunawa, ki roƙe ta ta nuna miki hanyar masallaci mafi kusa.

Sai ki jira Alhamis. In motar ta zo a kan lokacinta, fuska a sake, to magana ta ƙare, ki kwanta ki yi barcinki. A zatona haka za a yi, don mai neman riba ba ya zaman awa biyu a mota sau biyu a mako har wata 8. In kuwa kin ga an canza, haya ta fara jinkiri, ana sako magana a kaikaice cewa masu zuwa coci sun fi samun kulawa, ki riƙa rubuta ranar da abin da aka faɗa. Yawancin ikilisiyoyin da ke wannan aiki suna ƙarƙashin wata babbar ƙungiya ce, ta ɗarikarsu ko ta yankinsu, wadda ita ce ta ƙulla yarjejeniya da gwamnati kuma ita za a tuhuma. Sunanta yana cikin takardunku. Can za ki fara kai kuka, in ba a share miki hawaye ba ki wuce ma'aikatar shige da fice.

Yarinya kuma, don Allah kada a dake ta ko a yi mata tsawa. Waƙa danƙo ce a kunnen yaro, ko ta talla ce ya ji sau biyu zai dawo da ita gida. In kuka tsorata ta, abin da za ta koya shi ne ta daina gaya muku abin da ta gani a waje, wannan kuwa ya fi waƙar haɗari. Ginin coci a can yakan zama wurin abubuwa iri-iri, wani taron na taya yara aikin gida ne ko wasanni, wani kuma darasin addini ne tsantsa. Ki tambaya kai tsaye ko ana addu'a ko karatun Littafi Mai Tsarki a wanda take zuwa, ki je ki zauna sau ɗaya ki gani da idonki. Hukuncin naku ne ku iyaye, babu mai ja da ku a kai. In kun cire ta, ku maye mata gurbinsa da wani abu, ko shirin yara na ɗakin karatun gari, ko karatun ƙarshen mako a masallaci. Ƙawaye ta je nema can, kuma yaron da aka raba da ƙasarsa ba a sake raba shi da abokai a bar shi zaune a ɗaki.

Yanzu maigida. Ni a ganina ba waƙar ce kaɗai ta tunzura shi ba. Mutum ne da ya saba shi ke fita ya nemo, yau ga shi zaune wasu na biya masa haya, wataƙila har suna tambayarsa rasiɗin abin da ya saya, matarsa kuma ta fara jin yaren da shi bai kama ba tukuna. Wannan ciwo ne da namiji ba ya faɗa, sai dai ya fito ta wata kafar. Kada ki yi masa gardama a kan karin maganarsa, kada kuma ki riƙa shiga motar a ɓoye. Ki zaunar da shi ki nuna masa abin da ke rubuce, musamman batun izinin zama da na bashi, ki ce masa za ki faɗa wa matar matsayinku a fili, ya ba ki mako guda ya ga abin da zai biyo baya. Sannan ku nemi zama da kwamitin, shi a gaba, takardar kasafin gidan a hannunsa. In akwai namiji a cikinsu da zai riƙa fita da shi neman aiki ko koyon tuƙi, ya fi. In kuma nauyin alherin ne ya dame shi, akwai hanyar ramawa da ba ta taɓa addinin kowa: ranar da za a tarbi wani sabon iyali, ya je ya kama musu ɗaukar kaya da haɗa gado, ke kuma ki riƙe hannun matar ki nuna mata gari. Wanda ya san zafin sauka a baƙuwar ƙasa ya fi kowa iya wannan aikin.

(Masu karatu Kirista da ke irin wannan hidima, ga taku a taƙaice. Ku yi gayyata sau ɗaya, ku haɗa da faɗa a fili cewa ƙi ba zai rage komai ba. Wanda kuke biya wa haya ba ya iya ce muku a'a cikin sauƙi. Kuma kada a ɗauki hotonsu ko a tsayar da su gaban ikilisiya ana ba da labarinsu sai sun yarda da bakinsu.)

Yanke hulɗa a wata na 8 kuwa, ku ne za ku kwana a ciki, don abin da ya kamata ya cika muku kai yanzu shi ne abin da masu wannan aiki suke kira wata na 13, watan farko da alkawarinsu ya ƙare. Ku tambaye su tun yau: gidan nan nawa ne hayarsa, sunan wa ke kan yarjejeniyar, za ku iya riƙe shi da kanku ko a fara neman mai sauƙi? Ku cike takardar haraji ku biyun, ko ba ku samu ko kwabo ba a shekarar, kafin 30 ga Afrilu, domin da ita ake lissafa kuɗin tallafin yara. Inshorar lafiya ta wucin gadi da ke taimaka wa 'yan gudun hijira da magani da haƙori da ido takan ƙare da ƙarewar shekarar, saboda haka duk mai ciwon haƙori ko mai buƙatar tabarau a gidan a kai shi yanzu. In aiki bai samu ba kafin lokacin, akwai tallafin gwamnatin lardi, a san yadda ake nemansa tun da sauran kwana. Ajin Turancin kyauta ne ga mai izinin zama, ba zai tsaya don shekara ta cika ba, kada ki sake shi, shi ma baban yara ya shiga. Ku adana duk wata takarda a jaka guda, za ku neme su ranar neman zama 'yan ƙasa, wanda ke buƙatar kwana 1,095 a cikin ƙasar a tsakanin shekara 5.

Motar ma ba ta dindindin ba ce. In kun wuce maganar Talata lafiya, wata Alhamis ɗin ki ce ta ajiye ta a ƙofar gidanku ku hau bas tare zuwa aji. Ke za ki duba lambar bas ɗin, ke za ki biya, ke za ki danna ƙararrawar sauka, ita tana bayanki ba ta cewa komai sai in kin wuce tasha. Ku yi haka sau biyu ko uku, na huɗu ki tafi ke kaɗai ki kira ta in kin isa.